46 ko 68? Zaɓen man haidirolik ga injin masana'anta a ƙasar zafi

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen man haidirolik, wato man da famfo ke turawa da matsi ya motsa sassan inji, a Kano ya san tambayar da mai shago zai tare shi da ita tun kafin ya zauna: "46 ko 68?" Amsar da yawancinmu ke bayarwa kuwa ba daga wani lissafi take fitowa ba, abin da muka taras ana zubawa ne. Wanda ya koyi aiki a hannun mai zuba 68, shi ma 68 zai yi ta zubawa har ya yaye nasa yaran. Ni ma haka na taso, kuma na daɗe a kai kafin wani inji ya sa na sake tunani.

A wata masana'antar bokitan roba ne, cikin watan Afrilu. Da safe injin lafiya lau, amma da an yi azahar sai ya fara nawa, ya kasa matse mazubin yadda ya kamata, bokiti ya riƙa fitowa da geza a baki. Maigidan ya riga ya yanke hukunci kafin in iso. Ya ce, "Malam, famfon nan ya gama yayi, a nemo sabo. In kuma ba haka ba a juye man a zuba 68, an ce ya fi ƙarfi." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa la'asar." Na ɗora tafin hannuna a jikin tankin, ban iya barinsa ba saboda zafi. Ma'auni ya nuna digiri 72. Da muka kwance kular da ke sanyaya man, sai ga bututunta sun cushe da farin ɓawo irin wanda ke kama cikin butar shayi, aikin ruwan burtsatse. Muka wanke muka mayar. Zafin ya sauko hamsin da 'yan kai, injin ya koma aikinsa da famfonsa da mansa na 46. Da mun zuba 68 a ranar, injin zai ɗan farfaɗo, kowa ya ce an gano maganin, alhali man na can yana dahuwa a cikin tanki.

Lambar nan da ke jikin duro ba ƙarfin mai take nufi ba, kuma ba ingancinsa ba. Kaurinsa ne kawai, wanda aka auna a zafin digiri 40 na Salsiyas, da ma'aunin da ake kira santistok, kamar yadda ƙa'idar ISO 3448 ta tsara. An yarda kowace lamba ta yi sama ko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, don haka mai lamba 46 zai iya zama daga 41.4 zuwa 50.6, mai 68 kuma daga 61.2 zuwa 74.8. In kana son ka ji abin a hannunka, kaurin ruwa kusan 1 ne, man gyaɗa kuwa yana wajen 40 a wannan zafin, wato tsakanin 32 da 46 yake.

Sai dai ba injin da ke zama a digiri 40 duk yini. Mai yana tsinkewa idan ya ji zafi, yana kauri idan ya ji sanyi, kuma sauyin ba ɗan kaɗan ba ne. Ɗauki man haidirolik na yau da kullum. A digiri 60, mai lamba 32 ya sauko wajen 15, mai 46 wajen 21, mai 68 wajen 29. A digiri 70, sun koma kusan 11 da 15 da 20. Masu ƙera famfo da yawa kuma sun fi son man ya riƙa aiki tsakanin 16 da 36. Jera waɗannan alƙaluma kusa da juna za ka ga amsar da kanka. Mai lamba 32 ya faɗo daga wannan iyaka tun kafin tanki ya kai 60. Mai 46 yana ciki daga wajen digiri 45 har zuwa sittin da 'yan kai. Shi kuwa 68 bai ma shiga ba sai zafi ya kusa 55, amma yana riƙewa har kusan 75. Ke nan 68 a tanki mai zafin 70 da 46 a tanki mai zafin 60, a wurin famfo kusan abu ɗaya ne.

Kowane ɓangare da irin ɓarnarsa. Idan mai ya tsinke da yawa, yana sulalewa ta 'yan ratar da ke cikin famfo da bawul ya koma baya ba tare da ya yi aiki ba. Silinda ta rage gudu, matsi ya faɗi, wannan sulalewar kuma ita kanta zafi take haifarwa, zafin ya ƙara tsinka man, abu ya yi ta zagayawa. Mafi muni, siririn shimfiɗin man da ke raba ƙarfe da ƙarfe yana yankewa, sai ƙarfen ya fara cin ɗan'uwansa. Idan kuma ya yi kauri da yawa, famfo ba ya samun isasshen abin zuƙa. Kumfa ta taso a bakinsa ta fashe da ƙarfi a ciki, ka ji yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, fuskar ƙarfen ta yi ramuka ƙanana. Motar lantarkin da ke juya famfon kuma ta ja wuta fiye da ƙima wajen tura shi, abin da mai kunna janareto zai gani a dizal ɗinsa. A safiyar hunturu, idan tanki ya kwana ya sauko digiri 15, mai lamba 68 yana haura 300, mai 46 kuma yana ƙasa da 200. Wannan bai kai ya kashe famfo ba, amma ya isa dalilin barin injin ya yi ta juyawa ba kaya na 'yan mintuna kafin a ɗora masa aiki.

To wanne za ka saya? Abu na farko littafin injin, ko farantin da aka manna a jikin tanki. Injinan buga kayan roba da yawa 46 suke nema, kuma suna zuwa da kular ruwa da za ta riƙe man tsakanin 40 da 55. Irin wannan injin, a ba shi 46 ɗinsa, a kula da kular. Ban ga hikimar sauya masa mai don kawai garin ya yi zafi ba. Amma akwai injinan da ba su da kula ko kaɗan: injin buga bulo a filin Allah ko ƙarƙashin rumfar kwano, injin matse tarkacen ƙarfe ko kwali, tsohon injin lanƙwasa farantin ƙarfe mai ƙaramin tanki. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar gari kanta ke kai digiri 40, tankin waɗannan yana wuce 60 cikin sauƙi. Nan 68 ya dace, musamman in famfon mai haƙora ne kuma ya ɗan kwana biyu, ratarsa ta buɗe. Shi 32 ban cika ba da shawararsa a nan ba sai littafi ya ambace shi da suna, kamar wasu injinan yankan ƙarfe masu ƙaramin matsi. A ƙasashen sanyi ya fi amfani.

Abin da ya kamata ya raba gardamar shi ne ma'aunin zafi. Auna tankin da ƙarfe uku na rana, a ranar aiki sosai, cikin watan da ya fi zafi. In ya tsaya ƙasa da 55, sayi 46. In yana zama tsakanin 60 da 70 kuma ba yadda za ka sauko da shi, sayi 68. In ya haura 70, ba sauyin lamba kake buƙata ba, akwai cuta a wani wuri: ko kula ta toshe, ko bawul ɗin rage matsi yana zubar da mai a kai a kai, ko man ya yi ƙasa a tanki. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi da aka daɗe ana aiki da shi, cewa daga digiri 60 zuwa sama, duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar man da rabi. Daga wajen 80 kuma robobin sil, masu hana mai fita, su fara taurin da ke kawo yoyo. Mai lamba 68 ba ya kare ka daga ko ɗaya cikin biyun.

Bayan lamba sai haruffa, kuma nan ne aka fi cutar masu saye, domin duro biyu za su iya ɗauke da 46 alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. HL mai ne da aka sa wa maganin tsatsa da na saurin lalacewa kawai, ba shi da sinadarin da ke hana ƙarfe cinyewa. Ya ishi tsohon inji mai ƙaramin matsi, amma kar ka kai shi kusa da famfo mai fistin ko mai fuka-fuki. HLP, a tsarin Jamus na DIN 51524 kashi na biyu, shi ne wanda tsarin ISO ke kira HM, Amurkawa kuma su rubuta AW. Wannan yana da maganin cinyewa, kuma shi ne abincin yawancin injinan masana'anta. Shell Tellus S2 MX, da Azolla ZS na kamfanin TotalEnergies, da Castrol Hyspin AWS, da Mobil DTE 24 da 25 da 26 duk a wannan layin suke. Lambobin Mobil ɗin sukan rikita mutane: 24 shi ne 32, 25 shi ne 46, 26 kuma 68.

Sai HVLP, ko HV, kamar Tellus S2 VX da Equivis ZS. Wannan HLP ne da aka ƙara wa wani sinadari da ke rage masa saurin sauya kauri tsakanin sanyi da zafi. Akwai awon da ke nuna wannan juriya: man yau da kullum yana wajen 100, shi kuwa HVLP ƙa'idar DIN 51524 kashi na uku ta ce kada ya gaza 140. Masu sayarwa suna son tallata shi da cewa shi ne maganin zafinmu, kuma ya fi tsada. Na yi lissafin, ban gamsu ba. A digiri 70, HLP mai lamba 46 yana wajen 15, HVLP mai lamba 46 yana wajen 17, alhali HLP mai lamba 68 yana wajen 20. Ribar tana nan, amma ba ta kai ta maye gurbin 68 ba. Inda HVLP ya yi fice shi ne wurin da inji zai tashi cikin ƙanƙara da asuba ya yini yana aiki har ya yi zafi, abin da ba mu da shi. Ga kuma wani aibi: sinadarin nan dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, famfo mai babban matsi yana yayyanka su a hankali, sai man ya wayi gari ya fi yadda aka saye shi tsinkewa. Ga katafila da injinan ɗaukar kaya da ke kwana a waje cikin hunturu su yini a rana, HVLP na kirki yana da amfani. Ga injin da ke cikin ɗaki yana aiki dare da rana a zafi kusan ɗaya, kuɗin ya fi kyau a kai shi wajen filta.

Akwai kuma batun tutiya, wato zinki. Maganin cinyewar da aka fi sawa a HLP sinadari ne mai tutiya da ake taƙaita sunansa da ZDDP. Yana da araha, ya daɗe yana aiki, kuma ga yawancin injina ba shi da laifi. Ana yin wani mai marar tutiya saboda injinan da ke da sassa masu rufin azurfa, ko filta mai laushi sosai, ko inda ruwa ke yawan shiga mai, domin tutiya da ruwa da zafi in sun haɗu suna iya haifar da dauɗar da ke toshe filta. Abin kiyayewa ɗaya ne: kar ka yi ciko da wannan a kan wancan. Sinadaransu suna iya faɗa da juna su zubar da laka. Ko kamfani ɗaya ya yi su, a tambaya kafin a gauraya.

Man juye fa? Tambayar tana yawan zuwa, domin shi ne a kusa kuma kowa ya san shi. Ba a yi shi don wannan aikin ba. SAE 40 da ake zuba wa manyan janareto ya ninka 68 kauri wajen sau biyu a digiri 40. Sannan an sa masa sinadaran wanki da ke riƙe dauɗa da ruwa a cikinsa su yi ta yawo, alhali man haidirolik na masana'anta an yi shi ne ya saki ruwa ya kwanta a gindin tanki a tsiyaye shi, ya kuma saki iska da wuri kada ya yi kumfa. Gaskiya ne wasu masu ƙera katafila sun yarda da mai lamba SAE 10W a injinansu, amma wannan izini ne na wannan injin, ba na kowa ba. Baƙin man da aka juye daga mota aka tace da tsumma kuwa, wanda na sha gani a tankin injin bulo, yana ɗauke da garin ƙarfe da toka da ragowar fetur ko dizal. Arahar da aka samu a jarka, a famfo ake biyanta. Man birki kuma wani jinsi ne daban, ba daga ɗanyen mai aka yi shi ba, kuma yana lalata robobin sil ɗin da aka yi don man haidirolik.

Masu aiki kusa da wuta, kamar masu narka alminiyam ko ƙarfe, nasu zaɓin daban ne. Man yau da kullum ba ya kama wuta a tanki sai zafi ya wuce digiri 200, amma idan tiyo ya fashe ya fesa shi kamar hazo a kan narkakken ƙarfe, nan take yake tashi. Don haka aka yi man da ba ya saurin kama wuta: HFC, wanda fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa ruwa ne, da kuma HFD marar ruwa. HFC ba ya son zafi ya wuce wajen 60 don kada ruwan ya tsere, ba ya shafe ƙarfe kamar mai, kuma yana cin fenti da rufin tutiya. Wani nau'in HFD kuma sai an sauya robobin sil gaba ɗaya. Ba abin da za a zuba ba ne ba tare da sanin wanda ya ƙera injin ba. Mai ruɓewa a ƙasa, irin HETG na man tsirrai da HEES na haɗin sinadarai, na masu aiki a bakin ruwa da daji ne, kuma na tsirran ba ya jure zafi irin namu.

Da za a tambaye ni abin da ya fi kashe famfo a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, ba zan ce kuskuren lamba ba, zan ce ƙura da ruwa. Ido ba ya ganin abin da ya gaza kimanin maikiron 40 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ratar da ke cikin bawul mai laushi kuwa ba ta wuce 'yan maikiron ba. Man da ka ɗaga a kwalba ka ga garau zai iya zama cike da abin da ke goge ƙarfe. Ƙa'idar ISO 4406 tana bayyana tsabtar mai da lambobi uku, misali 18/16/13, masu nuna yawan ƙwayoyin da suka kai maikiron 4 da 6 da 14 a cikin mililita ɗaya. Lamba 18 na nufin ƙwayoyi 1,300 zuwa 2,500, kuma duk ƙarin lamba ɗaya ninki biyu ne. Injin da ke da bawul mai aiki da kwamfuta yakan nemi wajen 16/14/11. Sabon mai daga cikin duro sau da yawa bai kai wannan tsabtar ba, shi ya sa masu lura suke tura shi cikin tanki ta filta, ba ta mazurari da bokiti ba.

Ka tsaya ka kalli yadda ake ciko a wurare da yawa cikin hunturu. Yaro ya ɗauko bokitin da ya kwana a buɗe, ya goge shi da tsumman da ke aljihunsa, ya tsiyayo mai, ya ratsa tsakar masana'anta iska na kaɗawa, ya buɗe murfin tanki ya juye. Murfin nan kuma shi ne hancin tankin: duk lokacin da silinda ta fita, man ya yi ƙasa, tanki ya shaƙi iskar waje. In 'yar filtar da ke cikin murfin ta yage, ko an cire an toshe ramin da tsumma, ƙurar hunturu ce ke shiga yini guda. Murfi mai filta ta kirki kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da famfo.

Da damina kuma ruwa ne. Duron da aka bari a tsaye a waje, ruwan sama yana taruwa a kansa. Rana ta buga, iskar ciki ta kumbura ta fita. Dare ya yi, ta tsuke, ta zuƙo ruwan ta gefen murfi ko da ba a taɓa buɗe shi ba. A ajiye duro a inuwa, in kuma dole sai a waje, a kwantar da shi a kan katako, murafunsa biyu suna daidai da juna a dama da hagu, yadda man zai rufe su ta ciki. Idan mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya riga ya yi yawa. Kafin ya kai haka akwai gwajin da kowa zai iya: ɗiga ɗigo biyu a kan farantin ƙarfe da ya yi zafi fiye da tafasar ruwa sosai. Mai tsabta zai bazu shiru, mai ruwa zai yi ƙara kamar an jefa ɗanyen nama a kasko. Wanda ya yi duhu yana warin ƙuna kuma zafi ya gama da shi, ba filtar da za ta dawo da shi.

Wajen saye, nemi duro mai hatimin kamfani da ba a taɓa ba, kuma ka nemi takardar bayanin man. A cikinta duba abu huɗu: kauri a digiri 40, kauri a digiri 100, awon juriyar nan da ya kamata ya kusa 100 ko ya wuce 140 in HVLP ne, da kuma ambaton DIN 51524 kashi na biyu ko na uku. Mai lamba 46 na gaskiya yana wajen 6.8 a digiri 100, mai 68 kuma wajen 8.7. Man da ake aunawa a jarka marar suna, mai shago ya ce maka "haidirolik ne mai kyau", ba ka da hanyar sanin ko HL ne, ko HLP, ko gauraye. In za ka sauya daga 46 zuwa 68 ko akasin haka, juye tsohon yana da ɗumi, mayar da silindu ciki don su amayar da abin da ke cikinsu, share gindin tanki da ƙyalle marar zare, sa sabuwar filta, sannan ka rubuta sunan man da lambarsa da ranar da aka zuba a jikin tankin da fenti, yadda mai aikin dare zai gani ba sai ya tambayi kowa ba.